Mahaɗin Fallaye: Yadda Ake Raba Zanen Babban Allon Talla Kafin A Buga Shi



An nemi mu yi bayani a kan sana'ar ɗab'i da dangantakarta da masana'antun Kano. Fagen yana da faɗi, lokacin da aka ba mu kuwa kaɗan ne, saboda haka muka ga ya fi kyau mu tsaya a lungu guda mu share shi sosai. Lungun kuwa shi ne yadda ake raba zanen babban allon talla kashi-kashi kafin a kai shi bakin inji. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai aikin mai tsani da bokitin gam ne, me ya haɗa shi da ɗan jami'a? Abin da ya haɗa su shi ne, da yawanku ba da jimawa ba za ku zauna a ofis, a ajiye muku fayil ɗin kwangilar alluna ashirin na shelar rigakafi ko ta rajistar masu zaɓe, a ce ku sa hannu. Wanda bai san inda aikin yake lalacewa ba, zai sa hannu a kan abin da bai gani ba, kuɗin kuwa na jama'a ne.

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata mu tuna inda buƙatar allon ta fito. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya ƙara bunƙasa, daga baya kuma masana'antu suka biyo baya. Bompai, daura da hanyar Haɗeja, ita ce ta fari, tun zamanin Turawa. Sa'an nan aka buɗe Sharada a kudu maso yammacin birni, aka yi ta faɗaɗa ta har kashi uku, kāna Challawa can wajen Panshekara a bakin kogi, inda majemu suka taru. Kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills yana Bompai, masana'antar lemon kwalba ta Nigerian Bottling Company tana Challawa, a tsakani kuma aka yi masaƙu da masu alewa da turare da takalman roba. Mai sana'ar gargajiya ba ya buƙatar allo, domin masu sayen kayansa sun san ƙofar gidansa. Amma injin da ke fitar da dubban kwalabe a yini dole ya yi magana da mutanen da bai taɓa gani ba, waɗansu suna kan keke, waɗansu suna cikin mota. Wannan ya sa alluna suka jeru a hanyoyin Zariya da Katsina da Haɗeja da Maiduguri. Sana'ar kanta daga kudu ta shigo: a 1928 aka kafa kamfanin West Africa Publicity, wanda ya riƙa tallata kayan UAC, a 1959 kuma Afromedia ya fito musamman domin tallar waje. Gwamnati ma ta ga amfanin shela irin wannan, musamman sa'ad da aka koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, da kuma sa'ad da naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu 1973.

To, me ya sa ake raba zanen tun farko? Dalili ɗaya ne: allo ya fi inji girma. A 1796 wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano hanyar bugu da allon dutse, girman abin da za a buga kuwa ba ya wuce girman dutsen. Da masu talla suka so hoton da ya fi haka, sai suka riƙa buga shi falle-falle suna jerawa a bango. A Ingila, wadda daga gare ta muka gaji ma'auninmu, fallen da aka ɗauka ma'auni shi ne mai faɗin inci 20 da tsayin inci 30. In kun ji ɗan kwangila yana cewa allo mai falle 48, ga asalin maganar: faɗin allon ƙafa 20 ne, watau inci 240, wanda zai ci falle 12 a jere, tsayinsa ƙafa 10, watau inci 120, wanda zai ci falle 4. Sha biyu sau huɗu, arba'in da takwas. Da injuna suka ƙara girma, sai aka haɗe falle huɗu ya zama ɗaya mai inci 40 da inci 60, allon ya koma kashi 12, shida a sama, shida a ƙasa. Sunan dai bai canja ba har yau. Mai falle 96 ninkinsa ne a faɗi, ƙafa 40.

Muna roƙon ku riƙe wannan siffa a zuci, shida a sama, shida a ƙasa, domin a cikinta matsalar take. Allon yana da mahaɗi biyar a tsaye da guda ɗaya a kwance. Mahaɗi na uku a tsaye ya faɗa daidai tsakiyar allo, na kwancen ma haka. Ashe ke nan cibiyar allon, wurin da ido ke fara sauka, wurin da duk mai zane zai so ya ajiye fuskar jaririn ko bakin kwalbar, nan ne kusurwoyin fallaye huɗu suka gamu. Mai zanen da bai san haka ba zai sa hancin mutum a mararrabar nan, kuma in falle ɗaya ya goce da rabin inci, sai ka ga ido ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa. Sama ko bango ko filin ciyawa, in sun goce ba wanda zai lura. Fuska kuwa ba ta ɓoye gociya, domin tun muna goye muke karatun fuska. Saboda haka gwanin zane yakan fara ja layukan mahaɗi a takardarsa tun ba a ɗiga komai ba, sa'an nan ya tsara hoto da rubutu su kauce musu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Wanda ya gama zanensa tsaf sa'an nan ya miƙa wa mai inji ya ce ya yanka, ya bar wa wuƙa hukunci.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne rubutu, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Harshen Ingilishi, wanda aka ƙirƙiri wannan ma'auni dominsa, ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Mu muna da su. Tun a shekarun 1930, zamanin Dokta Rupert East a Zariya, aka tsayar da ƙ da ɗ da ɓ a rubutun boko, kuma da su aka riƙa buga littattafai da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Bambancin ƙ da k ɗan lanƙwasa ne a ka, amma shi ya raba ƙafa da kafa, ƙasa da kasa, ɓari da bari, ɗaka da daka. Yanzu ku duba yadda ake liƙi. Kowane falle ana bar masa rara kamar inci ɗaya a gefe, inda aka maimaita hoton, domin ya hau kan maƙwabcinsa kada farin allo ya leƙo. In mahaɗin kwance ya bi ta saman layin rubutu, kuma fallen sama ya zame ƙasa da inci biyu tun gam bai bushe ba, abin da zai fara rufewa shi ne kawunan haruffa. Allon da aka kafa a bakin gari domin ya ce "Barka da zuwa, baƙinmu" sai ya wayi gari yana yi wa bakinmu maraba.

Za a ce ai Bahaushe zai gane abin da ake nufi. Gaskiya ne, sau da yawa zai gane, tun da mun saba da jaridu da takardun ofis da suka yi watsi da lanƙwasar ɗungurungum. Amma a tuna da halin da mai karatun yake ciki. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa, watau in direba ya fara ganin rubutun daga mita 100, daƙiƙa shida kawai gare shi, rabinsu kuma idonsa na kan titi. Ba shi da lokacin cankar ma'ana. Haka kuma wanda ya koyi karatu da girma a ajin yaƙi da jahilci, harafi-harafi yake bi, abin da aka rubuta shi yake karantawa. Lambobi sun fi haka tsanani, domin su ba a cankarsu. Lambar wayar salula guda 11 ce. In mahaɗi ya cinye rabin 8 ta koma kamar 3, duk kuɗin allon ya tafi a banza. Haka ranar rigakafi, haka farashi.

Ajami kuwa sai an ninka hattara. Haruffansa a sarƙe suke, kalma ɗaya jiki ɗaya ce, ba a yanka ta ba tare da an ji mata ciwo ba. Daɗin daɗawa, ba da ta da nun a tsakiyar kalma ɗigo ne kaɗai ya bambanta su, wasula kuma suna shawagi sama da ƙasan layi. In jikin kalma yana falle ɗaya, ɗigonta yana wani fallen, gociyar inci ɗaya ta isa ta ɗora ɗigon a kan harafin da ba nasa ba. Kada kuma a ɗauka masu karatun ajami kaɗan ne a wannan gari. Kamfanin Triumph, wanda gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa a 1980, har jarida ya riƙa bugawa da ajami mai suna Alfijir, domin ya san akwai masu saye. A ra'ayinmu, layin ajami ko dai ya zauna ɗungum cikin kashi ɗaya, ko kuwa a yi yankan a sararin da ke tsakanin kalmomi, ba sulhu a wannan.

Bayan rubutu sai yanayi. Takarda in ta sha gam takan miƙe, in ta bushe ta tsuke, kuma fallen da ya daɗe a jiƙe ya fi wanda aka shafa yanzu miƙewa. A lokacin hunturu gam yakan bushe kafin mai liƙi ya gama daidaita falle, da damina kuma ruwa ne abokin gaba. Shi ya sa fallen sama ne ke hawa kan na ƙasa, kamar yadda ake jera kwanon rufi, domin ruwa ya gangara ya wuce. In aka juya, bakin fallen ƙasa ya zama mazurari, sai bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Wannan ma a teburin zane ake yanke shi, domin sai an san wane gefe ne zai hau kafin a san inda za a bar rara.

A zamanin faranti, kowane kashi sai an buga shi sau huɗu, da shuɗi da ja da rawaya da baƙi, watau kashi 12 na bukatar faranti 48. Tsadar wannan ta sa ba a yinsa sai za a buga kwafi masu yawa, galibi kuma a Legas ko ƙasashen waje. Ƙaramin ɗan kasuwa a Kano mai fenti yake nema, shi kuwa mai fenti yana da tasa dabarar rabo: ya tsaga ƙaramin hoton gida-gida kamar dara, ya tsaga allon haka, ya riƙa kwafe gida ɗaya bayan ɗaya.

Yau galibin alluna ba takarda ba ce, ledar bana ce wadda masu sana'ar ke kira fileks, inji na fesa mata tawada kai tsaye daga kwamfuta. Injin da ya fi yawa faɗinsa mita 3.2 ne, allo mai falle 48 kuwa tsayinsa mita 3 da 'yan santimita, saboda haka yakan fito ɗungum ba mahaɗi. Sai mutum ya zaci an huta. Ba a huta ba, domin da inji ya girma, allo ma girma ya yi. Mu ɗauki misalin allo mai faɗin mita 12 da tsayin mita 4, irin waɗanda ake ɗorawa a kan ƙarfe guda a bakin shataletale. Ko ta wane gefe ka juya shi, ya fi bakin inji. Lissafi mafi sauƙi shi ne a raba shi huɗu, mita uku-uku, kuma haka manhaja za ta yi in aka bar ta da kanta. Amma rabo huɗu ya sake jefa mahaɗi a mita na shida, tsakiyar allo. In aka raba biyar, kowane kashi mita 2.4, tsakiya ta kuɓuta, sai dai an ƙara mahaɗi ɗaya kuma an yi asarar leda a gefe. Ba dole ba ne ma kason ya zama daidai wa daida. Ana iya matsar da layin yanka ya bi ta sararin da ba komai. Manhaja ba ta san fuska ba, ba ta san ƙ ba. Mutum ne zai gaya mata.

Akwai abubuwa biyu da kwamfuta ta kawo waɗanda zamanin faranti bai sani ba. Na farko, yawancin salon haruffan da ke cikinta ba su da namu masu lanƙwasa. Mai zane zai wahala ya samo su, amma da an buɗe aikin a kwamfutar maɗaba'a wadda ba ta da wannan salon, sai ƙ ta koma akwati ko ta ɓace. Ajami kuma, a manhajar da ba ta san rubutun dama zuwa hagu ba, yakan wargaje harafi-harafi ya juya baya. Maganinsa a mayar da rubutun zane tun kafin ya bar hannun mai shi, abin da CorelDRAW da Illustrator duk suna yi da dannawa ɗaya. Na biyu, ba a zana allo da ainihin girmansa. Akan yi shi kashi ɗaya cikin goma, mita 12 ta koma santimita 120. Kuskuren milimita ɗaya a tebur santimita ɗaya ne a sama. A ɗaya ɓangaren kuma, kada ɗan kwangila ya ruɗe ku da zancen tsananin kaifin hoto ya ƙara kuɗi. Idon mai lafiya daga nisan mita 30 ba ya rarrabe abin da bai kai kamar milimita 9 ba, don haka ɗigo 30 a inci ya isa har ya yi yawa, alhali littafi yana son 300.

Launi ma yana da nasa sharrin, kuma a nan matsalar wutar lantarki, wadda ta taimaka wajen durƙusar da masana'antu da yawa a Sharada da Bompai tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ta shigo cikin zancenmu. In an ɗauke wuta inji na tsakiyar kashi na uku, wannan kashin ya mutu. In aka sake buga shi washegari, da wata tawadar, ko a injin maƙwabci, ja ɗinsa ba zai yi daidai da na 'yan'uwansa ba. A ƙasa bambancin ba ya tayar da hankali, amma a sama, rana na dukansa, sai ka ga kamar an yi wa allon faci. Ƙwararru sukan buga duk kason a zama ɗaya, har ma sukan juya kowane kashi na biyu kai ƙasa a cikin inji, domin gefen da ya fito ta hannun dama ya gamu da wanda shi ma ta dama ya fito. Sa'an nan a haɗe ledar da zafi, ba da gam kaɗai ba. Dalili kuwa iska ce. Guguwar farkon damina mai gudun kilomita 100 a awa tana danna allo mai falle 48 da nauyin da ya kusa tan ɗaya, kuma ta mahaɗi take fara nema.

Abin mamaki shi ne, wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya tarar tufafin Kano suna ratsa Sahara. Masaƙanmu ba su da faffaɗan masaƙi. Sirara suke saƙawa, a jera, a ɗinke, a rina. Turkuɗin Kura, can gaba da Challawa, ƙyallayensa waɗansu ba su fi faɗin yatsa ba, amma in an haɗa an buga sai ka rantse jiki ɗaya ne. Sirrin kuwa shi ne, tun ran da aka ja zare an san mayafin da za a yi. Abin takaici, garin da ke da wannan tarihi, kuma yake da masana'antun roba birjik, ledar da yake buga tallarsa a kai da tawadar da injin galibi daga ƙasar Sin ake kawo su.

Aikin allo kansa rarrabe yake kamar zanen. Mai rubuta saƙo yana ma'aikata, mai fassara yana wani ofishin, mai zane yana shagonsa, mai inji bai san mai zane ba, mai hawa tsani kuma wataƙila ba ya karanta abin da yake ɗaurawa. Hukumar kula da talla ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da sunan APCON, ta koma ARCON a 2022, tana tace abin da talla ke faɗi, amma ba aikinta ba ne ta bi kowane allo ta duba inda wuƙa ta bi. A duk jerin nan mutum ɗaya ne kawai yake da ikon ya ce sai ya ga abin a haɗe kafin a biya, shi ne jami'in da fayil yake gabansa. Ba ya buƙatar ya iya sarrafa inji. Ya isa ya ce a kawo masa ƙaramin bugu a takarda wanda aka ja layukan mahaɗi a kansa da jan biro, ya bi su da yatsa ya ga me suka ratsa. Ya ba wani wanda bai san saƙon ba, ko da masinja ne, ya karanta da ƙarfi, domin wanda ya rubuta abu idonsa yakan cike giɓin da kansa. In an buga, a shimfiɗa kason a ƙasa bisa lambobin da ke bayansu kafin a hau da su. Manyan rumbunan ajiya a Sharada ba su rasa daɓen da zai ɗauki mita 12. Gyara a ƙasa kuɗin kashi ɗaya ne, gyara a sama kuwa sai an sake biyan masu hawa.

Bayan an ɗaura, takardar biyan kuɗi ta jira tukuna. Jami'in ya shiga mota ya bi hanyar ta inda jama'a ke bi, da irin gudun da suke yi, sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya da la'asar, domin rana in ta faɗo ta bayan leda takan tona kowane mahaɗi, har da inuwar ƙarafan da ke riƙe da ita.

Shugaban taro, nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.